Shimfiɗar Suruka

Na auri mai zane ba tare da na san abin da na aura ba. Da aka zo neman aurena a ƙauyenmu, can bakin gulbi a ƙasar Maradun, an gaya wa mutanen gidanmu cewa malamin makaranta ne a Talata Mafara, ɗan gidan mahauta, ba ya shan taba, ba ya zama inda ake karta. Duk gaskiya ne. Abin da ba wanda ya ga ya dace ya ambata shi ne darasin da yake koyarwa, da abin da ya je Zariya ya koyo. Ko da na ji daga baya ban damu ba, don a zatona in mutum ya share shekaru yana koyon zane, to zai zana raƙumi ka ga raƙumi. Malam, haka nake kiransa har yau, ya iya wannan ɗin. Na taɓa ganin ya zana akuyata a bayan kwali har da tabon kunnenta. Amma ya ce mini wannan wasan yara ne, shi ya wuce nan tuni.

Inda ya wuce ya je, na gani da idona a shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori. Lokacin Mafara ta cika da baƙi da manyan motoci, kowa ka taɓa sai ya ce maka shi direba ne ko yana shirin zama. Gidan surukina kuwa kasuwa ta buɗe, don Turawan aikin akwai cin nama. Malam ne ke yi wa mahaifinsa tafinta, a nan ya saba da wani injiniya daga cikinsu, dogo mai jan wuya, wanda zan riƙa kira Bature kawai. Shi ya ba Malam wani tsohon farin tamfol na rufin mota da ragowar fenti a gwangwanaye: ruwan ɗorawa irin na jikin katafila, ja, baƙi, fari, da shuɗi ɗan kaɗan. Mazan wasu suna komowa daga wajen dam da keke ko rediyo. Nawa ya komo da shara a kan amalanke, yana murmushi.

Ya share ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ya shimfiɗa tamfol, ya sa ƙusa ya huda gindin gwangwani. Daga nan ya tuɓe riga ya shiga zagaye, fenti yana zuba, shi yana bi, ya je ya komo, ya tsallaka, ya sunkuya. Da gwangwani ya ishe shi sai ya nemi sanda, bai ga wadda ta yi masa ba duk faɗin gidan sai muciyata. Ya tsoma ta cikin baƙin fenti ya riƙa yarfawa. Ran nan da ludayi na tuƙa tuwo, ya yi gudaji, ya ci bai ce komai ba, don ya san abin da zai ji in ya ce. Haka ya yi ta yi kullum in ya taso daga makaranta, launi a kan launi, har farin tamfol ɗin ya kusa ɓacewa.

Na tambaye shi hoton mene ne.

"Ba hoton komi na ba," in ji shi. "Ba shi da sama, ba shi da ƙasa. Motsin hannu na, da abin da ke cikin rai. Amma akwai tsari ciki, sai dai mai ido ka ganinai."

Na ce masa kajina suna yin irinsa kowace safiya a bakin akurki, kuma ba wadda ta je Zariya. Ya ce jahilci ba laifina ba ne. Ya nuna mini hoton wani Ba'amurke da ya duƙa yana zubar da fenti a ƙasa, ya ce duniya ta san mutumin nan. Na ce to Allah ya ba matarsa haƙuri.

Surukina ma ya zo ya gani. Tsoho ne da ya yi rayuwarsa tsakanin kara da mayanka. Ya daɗe yana kallo, hannu a baya, sannan ya ce, "Wanga ai kayan ciki na. Ga hanji, ga tumbi, ga jini ya tsartu. Amma san ga ba shi da lahiya, ni ba ni sayenai." Ya fita ransa fari, don a ganinsa duk bokon yaron bai raba shi da sana'ar gida ba.

Wanda ya ɗaure wa Malam gindi shi ne Bature. Ranar da ya zo ina leƙe ta asabari. Ya zagaya, ya tsuguna, ya ja da baya har ya kusa faɗawa randa, ya ɗauki hoto ta kowace kusurwa. Da ya tafi Malam ya fassara mini: wai ya ga fushi a ciki, ya ga kiɗa, ya ga ruwa yana neman hanya. Mutumin da aikinsa tare ruwa ne, ai dole ya gani. Wai zai aika hotunan ƙasarsu, in an so, ranar da zai koma zai naɗe tamfol ɗin ya tafi da shi a rataya a wani babban ɗaki mutane su zo kallo, ta nan kuma Malam zai samu gurbin ƙaro karatu a can. Ba a daɗe ba amsa ta zo cewa an so. Malam ya fara gaida kaji da yaren Bature. Ni dai ban hana shi ba. In akwai ƙasar da ake sa mutum a jirgi saboda abin da ake dukan yara a kansa, ai gara mu ma mu san hanyarta.

Ana cikin haka ruwa ya ci garinmu. Da aka rufe dam ya taso a hankali, ya ci fadama, ya ci gonaki, ya shigo gari. Aka kwashe mutane zuwa wani tudu mai tsakuwa, aka ce ga sabon gari. Na je na gani. Masu awo sun yi aiki, a yaba musu: an ja igiya, layi ya miƙe sambal, kowane fili daidai da ɗan'uwansa, kana tsaye a farkon gari kana hango ƙarshensa. Sun ce tsohon garinmu ba shi da tsari, lunguna ne kawai a cukurkuɗe. Haka ne, a cukurkuɗe suke. Amma lungun da ya karkace a bayan gidanmu ya karkace ne don kakan wani ya gina rumbu a wurin, wanda ya tsuke kusa da masallaci kuwa ya tsuke ne don kada jakuna su riƙa bi ana salla. Ba wanda ya zana su, ƙafafun mutane ne suka yi su. Mahaifiyata, Inna, tana iya bin su ido rufe da tulu a kai.

A sabon garin mai tsari kuwa ɓata ta riƙa yi. Ta fita barka gidan maƙwabta, ta komo ta faɗa gidan wasu, ta tsaya tana tambayar wa ya sauya mata ƙofa. Daga nan ta daina fita. Daga nan ta daina cin abinci. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, kabarinsa yana tsohon gari, yanzu ruwa ne a kansa. Wata safiya aka tsinci Inna ta kama hanyar ruwa, takalma a hannu, ta ce za ta gida. Yayana, wanda take hannunsa, ya samu aikin haƙar magudanar ruwa wajen Bakura, ba ya kwana gida. Ya ce ba shi da dabara sai ya kawo mini ita, ni da nake auta, ko za ta ji maganata. Kowa ya san mace mai mutunci ba ta tarewa gidan suruki. Da Inna tana cikin ƙarfinta, da sai dai a kawo gawarta. Da na ji ba ta yi musu ba, na san abin ya kai inda ya kai.

Motar kasuwa ta kawo su ranar Talata da hantsi, ana hutun makaranta. Tamfol yana nan ƙarƙashin darbejiya, ya bushe ƙayau, Malam ya kakkaɓe shi da safe ya share kewayensa, ba a yarda ko kaza ta gifta ba. Inna ta yi sallama ta shigo, ta rame har zanenta ya yi mata yawa. Ta duba, ta ga inuwa, ta ga an share, ta ga an yi shimfiɗa. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ma'anar shimfiɗa a inuwa ranar da ake jiran baƙo. Ta tuɓe takalma a gefe, ta taka, ta je tsakiya, ta zauna ta miƙe ƙafafu.

Daidai nan Malam ya fito daga ɗaki. Na ga bakinsa ya buɗe, na ga ya rufe. Suruka ce. Ba ya kallon idonta, ba ya cin abinci inda take, balle ya ce mata tashi. Ya zare takalmansa, ya je can gindin katanga ya durƙusa, kai a sunkuye.

"Inna, kun zo lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ƙaƙa munka ji da wanga lamari?"

"Sai hanƙuri."

Gaisuwar ta yi tsawo yadda ta saba. Ya tambayi yara, ya tambayi dabbobi, ya koma ya sake tambayar gajiya, ita tana amsawa tana kallon darbejiya tana gyara zama. Duk gyaran zama ɗaya sai na ga jijiyar wuyansa ta motsa. Da ya tashi gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Ya yafito ni ɗaki.

"Ki tashe ta," ya ce a hankali.

"Ni? Wa yay yi shimhiɗa?"

"Ba shimhiɗa ta ba!"

"To hita ka gaya mata."

Bai fita ba. Da na koma Inna ta ce, "Auta, ki yi wa mai gidanki godiya, ya karrama ni. Amma ki ce mai shi riƙa duba kaya kahin shi saya. Mai tabarmag ga ya cuce shi, wadda anka ɓata ta." Na kai masa rabin farko na saƙon.

Daga ranar wurin zaman Inna ke nan. Rana na ɗagawa za ta fito ta hau tamfol, ba ta sauka sai salla. Malam ya yi dabara ya sayo sabuwar tabarma ya sa na shimfiɗa kusa. Ta ce a ajiye wa baƙi. Wata rana ya naɗe tamfol ɗin ya kai zaure, ta fito ta tsaya a wurin tana dube-dube irin tsayuwar da aka ce tana yi a sabon gari, har shi da kansa ya kasa jurewa ya mayar. Amma abinci dai shiru. Na dama fura, na yi kunun tsamiya, na yi tuwon dawa da miyar kuka irin tata, surukina ya aiko da hanta da ƙoda. Ta taɓa da yatsa ta ture. Ina kallon uwata tana ƙarewa a tsakar gidana, ba ni da abin yi sai kwashe kwanonin da ba a ci ba. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba.

Wata rana ina tankaɗe na ga ta sunkuya, yatsanta yana bin wani baƙin zare na fenti. Ya bi, ya karkata, ya shige ƙarƙashin ja, ya ɓullo.

"Auta, zo ki gani. Wagga ba hanyar marina ta ba?"

Na zo na duba. Fenti na gani.

"Ita ta, Inna."

"Awo. Ga inda tak karkace wajen rumbu. To in nan na rumbu, nan na gidanmu." Ta ɗora tafin hannu a kan wani curin ruwan ɗorawa. "Ga tsamiya. Ga lungun masallaci, dubi yadda yat tsuke." Ta ja jiki gaba tana bin wani zaren. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Miƙo min hurag ga, maƙoshina ya bushe."

Ta shanye ta tas. Na ɗauki ƙwaryar na shiga madafa na yi kuka, na fito na ce hayaƙi ne.

Ni a garin nan aka haife ni, kuma gaskiya ita ce babu garinmu a jikin tamfol ɗin nan. Da farko ma tsamiyar yawo take yi, yau tana nan gobe tana can, sai daga baya ta samu wurin zama. Amma duk abin da Inna ta nuna sai na ce shi ne. Da ta ce ga gidan sarkin aljanu, da na ce na ga ƙofarsa. Malam ne ya kasa haɗiyewa. Mutumin da ya sha wahala ya kai inda zane ba ya nuna komai, ga shi an mayar masa da aikinsa taswirar ƙauye, ƙauyen ma wanda kifi ke kwana a cikinsa.

Inna ta ce, "Ki tambayi mai gidanki, yaushe yaz zagaya garinmu haka har yas san bayan masallaci?"

Na shiga ɗaki na tambaya. Ya ajiye littafi ya yi mini lacca. Ya ce in gaya mata bai zana gari ba, kowane zare da take gani tafiyarsa ce, inda ya je da inda ya komo, inda saiwar darbejiya ta sa ya kauce, inda hannunsa ya gaji. Na saurara har ya gama, na fito na ce wa Inna, "Ya ce ranar da sunka kawo lehe na." Ta ce, "Yaron ga na da ido." Wannan shi ne yabo na farko da wani ɗan ƙasar nan ya yi wa aikin Malam, kuma bai ji daɗinsa ba. A raina kuwa na ga bayaninsa da na Inna ba su yi nisa da juna ba. Shi ya kauce wa saiwa, mutanen garinmu sun kauce wa rumbu. Ban gaya masa ba, kada kansa ya ƙara girma.

Labari ya bazu. Mutanen garinmu sun warwatse, wasu suna sabon gari, wasu sun bi dangi Janbako, wasu Damri, wasu Morai, amma duk wanda ya ci kasuwar Talata sai ya biyo ya gaida Inna. Tsofaffi ne, iyayena ne, Malam ba shi da bakin hana su shiga. Su tuɓe takalma, a gaisa, a yi jaje, sai Inna ta ce, "Ka ga gidanka?" Mutum ya yi dariya, ya leƙa don kada ya ƙi tata, kafin ka ankara ya durƙusa yana nema da gaske. Wani ya yi fushi wai an tsuke masa gida, shi da yake da turken doki. Wasu dattawa biyu da suka yi rabin rayuwarsu suna rigima a kan iyakar gona, rigimar da alƙali ya kasa kashewa sai ruwa ne ya kashe ta, suka same ta da ranta a jikin wani jan zare, suka ɗora daga inda suka tsaya, har da rantse-rantse. Inna ce ta raba su, bakinta cike da ƙosai.

Akwai kusurwa ɗaya da farin fenti ya yi yawa, da ɗigo-ɗigon baƙi a kansa. Ba wanda yake zama wurin, ba wanda yake takawa. Inna ta nuna mini ɗigo ɗaya ta ce nan mahaifina yake. Masu tafiya sukan tsaya ta wajen su ɗaga hannu su shafa kafin su nemi takalmansu. Malam yana ganin duk wannan ta taga, littafi a hannu, shafin ba ya juyawa.

Sai aikin dam ya zo ƙarshe, Turawa suka fara haɗa kaya. Bature ya aiko cewa zai zo ya ɗauki abinsa. Na ce wa Malam abin mai sauƙi ne, tunda zubar da fenti ne, ya zubar da wani. Ya kalle ni kallon da ake yi wa wanda ya yi saɓo, amma ya samo wani tamfol ɗin ya yi, a zaure, da muciyata ta biyu. Bature ya gani ya ce yana da kyau, sai dai wancan aka gani a hoto, wancan ake jira. To, sai a gwada ɗaya ɓangaren. Muka shimfiɗa sabon ƙarƙashin darbejiya tun Inna ba ta fito ba. Ta fito, ta tsaya a bakinsa, ko takalmi ba ta tuɓe ba. Ta ce, "Wanga garin wasu na." Ba ta sake cin komai ba sai da muka mayar mata da nata. Ni da nake cewa kaji ma za su iya, ranar na ja bakina. A idona duk ɗaya ne, amma ga tsohuwa ga Bature, waɗanda ba su jin yaren juna, sun haɗa baki a kan ba ɗaya ba ne.

Ban roƙi Malam ba. Na san matsayin tafiyar nan a wajensa. Tun yana yaro ake yi masa dariya a gidan mahauta, yaron da ake ba wuƙa ya ajiye ya ɗauki gawayi, kuma wannan ne karo na farko da aka ce masa abin da yake yi aiki ne. Na kuma san in tamfol ya fita gidan, Inna ba za ta daɗe a bayansa ba. Na dai daina yi masa tsiya, wannan kuwa ya fi damunsa fiye da kuka. Ya riƙa bina da ido ko zan ce wani abu a kan kaji.

Bature ya zo ranar Talata, da motarsa da lebura riƙe da igiya. Ya tarar da gida cike, tsofaffi sun kewaye tamfol, Inna a tsakiya tana rabon goro. Murna ta kama shi. Ya nuna inda fura ta ɗiga, inda dunduniya ta goge fenti, inda wani ya tofar da goro, ya ce wa Malam yanzu ma abin ya ƙara rai. Wato har da tofin goron za a rataya a ƙasarsu.

Inna ta ce, "Auta, mi Annasaran ga ka so?"

Na iya gyara saƙo, amma ranar bakina ya mutu. Wani dattijo da ya yi gadi a wajen dam, yana ɗan jin Turanci, shi ya amsa. "Shimhiɗar yaz zo ɗauka. Garinsu za ya kai ta."

Na zaci za ta yi gardama, na so ma ta yi. Ta dubi igiyar da ke hannun lebura. Ta ƙulle sauran goronta a bakin zane, ta dafa ƙasa, ta fara yunƙurin tashi. Ta ce wa sauran, "To, ku tashi. Ai mun saba." Suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana laluben takalminsa. Inna ta juyo gare ni. "Wanga karon ina za a kai mu?"

Ban taɓa jin Malam ya ɗaga murya a gaban Inna ba sai ranar, da Turanci ma. Gajeriyar magana ce. Bature ya buɗe hannuwa ya yi doguwa, ya nuna tamfol, ya nuna sama, inda jirgi ke bi nake zato. Malam ya maimaita tasa. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce mini, "Ki ce wa Inna ta zamna. Na gaya mai ba a gama ba. Ba a ɗaukar aikin da ba a gama ba."

Na faɗa, wannan karon ban rage komai ba. Inna tana dafe da gwiwa, ta dubi tamfol tun daga wannan gefe har wancan.

"Gaskiyatai," ta ce. "Babu rijiya. Na daɗe da gani, kunya ta hana ni hwaɗi."

Malam ya shiga zaure ya ɗauko gwangwanin shuɗi da muciyata ta farko, ya ajiye a ƙasa nesa da ita, don ba zai miƙa wa suruka abu hannu da hannu ba. Na ɗauka na kai mata. Ta tsoma, ta ɗaga muciyar a kan wani wuri tsakanin tsamiya da gidanmu. Fentin ya zuba inda ya ga dama, ɗigo nan, zare can. Dattawan suka sunkuya suka duba, suka ce ba shakka a nan rijiyar take. Inna ta koma ta zauna, ta dubi darbejiya ta ce, "Allah shi yi albarka." Malam ya dubi katanga ya ce, "Amin."

Bature ya tafi da igiyarsa, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Malam bai je ko'ina ba. Ya ci gaba da koya wa yara zanen kofi da tulu da ganyen mangwaro har ya yi ritaya, a garin da in ka ce kai mai zane ne sai a tambaye ka ko kana rubuta lambar mota. Na yi masa tsiya a kan abubuwa da yawa, amma ban taɓa yi masa a kan wannan ba. Wani lokaci in jirgi ya gifta nakan ga ya ɗaga kai, sai tausayinsa ya cika ni, in ce masa tuwo zai huce.

Inna ta ƙara damina da dama a gidanmu. Ta yi ƙiba, ta koma yi mini faɗa a kan gishiri, ta goyi 'ya'yana. A kan tamfol ɗin ciwon ajali ya same ta, tana zaune a kan curin ruwan ɗorawar nan.

Yanzu yana naɗe a ɗakin Malam, fentin ya fara ɓarewa. In tsofaffin ɗalibansa sun zo, har yau laccar ɗaya ce: ba hoton komai ba ne, duk wanda ya ga wani abu a ciki shi ya zo da abinsa. Bara bayan damina na fitar da shi in shanya saboda gara, na shimfiɗa yadda ya zo hannuna. Malam ya fito, ya tsaya, ya tuɓe takalma, ya kama gefe ɗaya yana ja yana nishi, har farar kusurwar ta koma inda Inna take ajiye ta.

Na ce, "Malam, ba kai kac ce ba shi da sama ba shi da ƙasa ba?"

"Ba shi da."

"Kuma ba hoton komi na ba?"

"Ba hoton komi na ba," ya ce, bai ɗago ba. "Matsa can. Kin tare wa Inna ƙohwar gida."